Nana Asma'u Ɗiyar Shehu da Matan Gobir

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya fitar da mutane daga uba ɗaya da uwa ɗaya, sannan ya sassaɓa harsunansu da launin jikinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, a wannan fitowa mun ɗauko tarihin Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansu. Mun san cewa a ƙasarmu ta Gobir, daga Tibiri zuwa Cadakori da Gidan Rumji, sunan gidan Shehu ba ya shiga kunnen kowa da sanyi iri ɗaya. Akwai dattawan da in an ambaci Sakkwato sai Alƙalawa ta faɗo musu a rai, kuma ba za mu ce musu su manta ba, domin kakanninsu ne aka kora daga can. Wannan shi ne ma dalilin da ya sa muka zaɓi wannan baiwar Allah. Tun tana ƙarama ta san tsoron Bagobiri, amma da ta girma sai ta kashe fiye da shekara ashirin na ƙarshen rayuwarta tana karantar da matan da aka ci da yaƙi.

An haife ta a Ɗegel cikin shekarar 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan, amma mahaifinta bai sa mata sunan tagwaye ba, ya kira ta Asma'u, sunan ɗiyar Sayyidina Abubakar, Allah ya yarda da su. Sunan mahaifiyarta Maimuna. Ɗegel a lokacin ƙauyen malamai ne a ƙarƙashin mulkin Gobir, kuma tsakanin Shehu da fadar Alƙalawa ba gaba aka fara ba. Bawa Jan Gwarzo ya girmama shi a taron idi na Magami, ya amsa masa roƙonsa na a bar shi ya yi wa'azi kuma a saki ƴan kurkuku. Shehu yana wa'azi da Fillanci yana yi da Hausa, mata suna zuwa majalisinsa, har wasu malamai suka soke shi a kan haka. A littafinsa Nurul Albab ya zargi mazan da suke barin matansu da ɗiyansu cikin jahilci alhali suna karantar da almajiran waje. A wannan gida Asma'u ta hardace Alƙur'ani, ta yi Larabci da fiƙihu, ta tashi da Fillanci da Hausa, ta kuma ji harshen Buzaye.

Al'amari ya fara lalacewa a zamanin Nafata, ya ƙarasa ɓaci a zamanin ɗansa Yunfa. Rundunar Gobir ta faɗa wa Gimbana, garin Malam Abdussalami almajirin Shehu, ta kama mutane, jama'ar Ɗegel suka kwance su a hanya. Daga nan babu sauran zama. A watan Fabrairu na 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, Asma'u tana ƴar shekara goma da ƴan watanni. A watan Yuni aka gwabza a Tabkin Kwatto, jama'ar Shehu suka yi rinjaye. Kafin shekarar ta ƙare aka karya su a Tsuntsuwa, aka kashe mahaddata Alƙur'ani masu yawa. Sai yawo ya biyo baya, da yunwa da cuta, daga wannan sansani zuwa wancan, har Zamfara, har Gwandu. Mai karatu ya auna yarinyar da ta yi waɗannan shekaru tana kwana ba ta san ko dawakin Gobir za su wayi gari a kansu ba. In da akwai wanda yake da uzurin ya rayu yana ƙyamar wata ƙabila har mutuwarsa, to ita ce.

An aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Yunfa. Shehu ya rasu a 1817, Bello ya gaje shi.

Mutane da yawa suna zaton da faɗuwar Alƙalawa magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Shehu bai daɗe da rasuwa ba sai Abdussalami, wanda saboda mutanensa aka fara rikicin, ya yi tawaye a Kware yana kukan cewa ba a yi masa adalci wajen rabon ƙasa ba, aka yaƙe shi, ya mutu a farkon 1818. Shi ba Bafillace ba ne, mutumin Arewa ne, don haka mutuwarsa ta ƙara wa Hausawa da yawa zargin cewa sabuwar daula ta wata ƙabila ce. A arewa kuwa Katsinawan da aka kora sun kafu a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa, Gobirawa suna ta sake haɗa ƙarfi. A 1836 Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka haɗa kai da wani sashe na Buzaye, suka gamu da Bello a Gawakuke. Sarakunan biyu duk sun faɗi a wannan rana, aka kwashi mata da yara zuwa ƙasar Sakkwato. Ragowar Gobirawa suka bi Mayaƙi, suka kafa Tsibiri a gefen gulbin Maraɗi, wato Tibirin da muke kai gaisuwa yau.

A nan dole mu faɗi gaskiya yadda take, domin tarihin da aka yi wa kwalliya ba ya amfanar kowa. Asma'u ba ta taɓa tsayawa tsakani a waɗannan yaƙe-yaƙe ba. Tana tare da ubanta da yayanta da mijinta, har ta yi doguwar waƙa da Fillanci a kan nasarar Gawakuke, bayan kamar shekara ashirin da aukuwarta. Matan da suka cika gidajen Sakkwato da Wurno da ƙauyukan ribaɗi kuwa, da yawansu ba da son ransu suka je ba. Bayi ne da ƙwaraƙwarai, an raba su da mazajensu da garuruwansu. Wannan ɗaci ne wanda karatu bai goge shi ba. Abin da muke so a duba shi ne abin da ta yi da waɗannan mata bayan ƙura ta lafa, a lokacin da take da cikakken iko ta kau da kai daga gare su.

Ga yadda lamarin yake. Masu mulki tsiraru ne, harshen gidajensu Fillanci, harshen littattafansu Larabci. Talakawa da bayi su ne masu yawa, harshensu Hausa, kuma mafi yawan matansu ba su san wata mafaka ba in ciwo ya zo ko haihuwa ta yi gardama sai bori. Kowane ɓangare yana tsoron ɗan'uwansa. Matar malami tana tsoron baiwar da ke goyon ɗanta, kada ta shayar da shi al'adun da aka yi yaƙi a kansu. Baiwar kuma tana ganin uwargijiyarta a matsayin ɗiyar waɗanda suka kashe mata dangi. Hanya mafi sauƙi ga mai iko a irin wannan hali ita ce ya ja katanga, ya hana, ya hukunta. An yi hakan a wurare, bai kuwa kashe bori ba.

Asma'u ta fara da harshe. Ita da take iya rubuta ƙasidar Larabci wadda malaman nesa suke yabawa, sai ta zauna tana tsara waƙa da Hausar da mai daka da mai ɗibar ruwa za su riƙe. Ta jera sunayen surorin Alƙur'ani cikin waƙa, da Fillanci da farko, daga baya da Hausa, don macen da ba ta taɓa riƙe allo ba ta san abin da ke cikin Littafin. Ta yi waƙoƙi a kan tauhidi da alwala da salla da azumi, da tarihin Manzon Allah (S.A.W.), da labarin mata salihai tun daga matan Annabi har zuwa matan zamaninta. Ta kuma juya waƙar mahaifinta ta gargaɗi zuwa Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa. Wannan waƙa masu mulki take yi wa kashedi a kan zalunci da ƙwace da cin hanci, don haka mayar da ita Hausa daidai yake da miƙa wa talaka ma'aunin da zai auna sarkinsa da shi. Wanda yake tsoron mutane ba ya ba su irin wannan ma'auni.

Ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Ƙanenta Isa, autan Shehu, wanda aka haifa bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya fassara da yawa daga waƙoƙinta na Fillanci zuwa Hausa. Mahaifiyarsa Mariya ƙwarƙwarar Shehu ce. Ashe tun a cikin gida jinin ya riga ya gauraya, kuma Asma'u ta jawo ɗan ƙwarƙwara ta mai da shi abokin aikinta na ilmi.

Game da ciwo, ta gane cewa ba a raba mace da abin da take dogara da shi a bar ta hannu wofi. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan da Larabci, inda ta tattara abin da ya zo na neman waraka da surorin Alƙur'ani da addu'o'i, don masu karatu su sami abin ba mai ciwo da mai naƙuda da mai baƙin ciki. Mu da muke zaune da jama'a mun san wannan matsala har gobe: macen da ɗanta ke sanƙarewa da tsakar dare ba dogon wa'azi take nema ba a wannan sa'a, wanda zai zo ya tsaya kanta take nema. Wanda ya zo, shi za ta bi.

Sai babban aikin, wanda aka sani da Ƴan Taru, wanda ta kafa wajen ƙarshen shekarun 1830. Matan aure masu ƙananan yara ba sa iya barin ɗakunansu su tafi neman karatu. Saboda haka ta zaɓi dattawan mata masu hankali da riƙon amana daga ƙauyuka, ta naɗa kowace shugabar matan garinsu, ana kiranta jaji. Jaji a asali sunan mai jan ayarin fatake ne. In an gama aikin gona, jaji takan taho da ayarin tsofaffi da ƴan mata waɗanda ba su kai aure ba, a ƙasa, wani lokaci tafiyar kwanaki, har gidan Asma'u. Sukan zo da ɗan abin da suka samu na hatsi da zuma da man shanu, ita kuma ta rarraba wa makafi da guragu da marasa galihu. Sai a zauna a koyi waƙa baiti baiti, a yi tambaya a kan tsarki da aure da gado da iddar mamaci, a kawo ƙararrakin da mace ba ta iya faɗa gaban alƙali. In sun koma gida, jaji ta bi ɗaki ɗaki tana sauke abin da ta ɗauko.

Abin da ya fi jan hankalinmu, mu mutanen Gobir, shi ne alamar da ta ba jajis. Kowa a nan ya san Inna: mace ce daga gidan sarauta, uwar matan ƙasa, shugabar ƴan bori, mai fita da malfa a ka kamar namiji, kuma har yau sarautar tana nan a fadar Tibiri. A idon jama'ar Shehu, babu wata alama da ta fi malfar Inna tuna musu da abin da suka yi yaƙi da shi. To wannan malfa ita Asma'u ta ɗauka, ta naɗa mata jan ƙyalle, ta aza a kan jajinta da hannunta. Matar ƙauye da ta hango malfa tafe ta san mai ita shugaba ce wadda ake saurara wa, domin haka ta gada. Da ta matso sai ta ji ana rera mata siffofin Allah da yadda ake wankan janaba.

Wasu za su ce wannan dabara ce kawai ta jan mutane. Ko da dabara ce, a duba abin da take buƙata kafin ta yiwu. Sai ka zauna da mutum har ka san abin da yake girmamawa. Sai ka yarda cewa abin nan nasa ba najasa ba ne don kawai daga hannunsa ya fito. Sai kuma ka amince masa har ka ba shi amanar karatu ya tafi da ita inda idonka ba ya kaiwa. Malaminmu na fiƙihu ya karantar da mu cewa al'ada tana da mazauni a shari'a matuƙar ba ta yi karo da nassi ba, kuma malaman Malikiyya sun fi kowa riƙo da wannan. Asma'u ta bar bori a inda shari'a ta bar shi, ba ta sassauta ba ko kaɗan. Hular kaba kuwa hular kaba ce, sai ta karɓa. Rarrabe waɗannan biyu shi ne abin da yake gagarar da yawa daga cikinmu, har mukan ƙi mutum ɗungurungum saboda zanen fuskarsa ko karin harshensa ko irin rawaninsa, muna zaton kishin addini ne.

Mun ga inda irin wannan ƙiyayya take kaiwa. A ƙarshen watan Oktoba na 1991, ana cikin Taron Ƙasa a Yamai, rikicin manoma da makiyaya ya tashi a Toda, nan jihar Maraɗi, aka kashe mutum fiye da 100, mafi yawansu mata da yaran Fulani. Waɗanda suka kashe da waɗanda aka kashe alƙibla ɗaya suke fuskanta. Ɓarnar gona gaskiya ce, kuma tana da hukuncinta da diyyarta a gaban sarki da alƙali. Amma ba ɓarnar gona ce take sa a ɗaga hannu a kan jariri ba. Sai an daɗe ana faɗa wa zuciya cewa waɗancan ba irinmu ba ne. Aya ta 13 ta Suratul Hujurati, wadda kowane ɗalibi ya sani, ta sanya sanin juna ya zama dalilin rarraba mu ƙabila ƙabila, ta kuma ajiye fifiko a wurin taƙawa kaɗai. Muna karanta ta a sallar asuba, da hantsi kuma a ji mu a kasuwar Cadakori muna yi wa wata ƙabila kuɗin goro.

Gidan da Asma'u ta zauna gidan saukar baƙi ne. Lokacin da Baturen Ingila Kilafatan ya zo Sakkwato a 1824, ya kuma dawo a 1826, mijinta Giɗaɗo ne ya riƙe shi, Kirista a tsakiyar birnin Shehu, aka ba shi masauki da abinci, Bello yana zama da shi suna tattauna ilmi da labarin ƙasashe. A can ajali ya same shi a watan Afrilu na 1827. Daga yamma kuma malaman Shingiɗi, wato Muritaniya ta yau, sun san sunanta, har ta yi wa ɗayansu ƙasidar maraba da Larabci lokacin da ya sauka Sakkwato.

Marsiyyoyinta ma suna nuna yadda take auna mutane. Ta yi wa Bello marsiyya bayan rasuwarsa a Wurno a 1837, ta yi wa Giɗaɗo, ta yi wa manyan malamai. A cikin wannan jeri kuma akwai marsiyyar wata maƙwabciyarta Halima, da ta jajinta Hauwa'u, matan da ba su da sarauta ba su bar littafi ba. Abin da take yabo a wurin manya da ƙanana iri ɗaya ne: haƙuri, da kyauta, da sulhunta mutane, da kula da dangi da baƙo. Ba ta cika tsayawa kan nasaba ko yawan dawaki ba. Da aka tuɓe Ɗan Yalli daga mulkin Yabo saboda munin halinsa, ta yi waƙa tana gode wa Allah, ba ta duba cewa gidansu na cikin manyan gidajen da suka taimaki mahaifinta ba.

Ta rasu a 1864 tana da shekara saba'in da ɗoriya, aka rufe ta a Sakkwato kusa da kabarin Shehu. Ɗanta Abdulƙadir ya riƙe waziranci bayan mahaifinsa, kuma waziranci ya zauna a zuriyarsu. Ƙanwarta Maryamu, ɗiyar Mariya, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ita ta ci gaba da karɓar jajis bayanta. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, aka ja iyaka tsakanin Faransa da Ingila ta raba Gobir biyu, Sabon Birni can, Tibiri nan, amma ayarin mata bai daina zuwa Hubbare ba.

Rubuce-rubucenta fiye da 60 sun tsira, mafi yawansu a ɗakin littattafan Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997. Shi ya buɗe wa wata Baturiyar Ingila mai suna Jean Boyd wannan taska, ta yi shekaru tana aiki a kai, ta fitar da tarihin Asma'u da Turanci a 1989, sannan ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga tarin ayyukanta a 1997. Ta wannan hanya labarinta ya isa ga wasu Musulmi baƙar fata na Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, har matansu a birnin Pittsburgh suka kafa ƙungiyar karatu suka sa mata suna Ƴan Taru. Makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai mata masu sunanta kuwa suna da yawa a ƙasar Hausa, kuma a cikin masu shiga su kowace safiya akwai ɗiyan Gobirawa da Katsinawan Maraɗi.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u, ya jiƙan jajinta waɗanda ba a rubuta sunayensu ba, ya jiƙan mamatan Alƙalawa da Tsuntsuwa da Gawakuke da Toda, ya gafarta mana baki ɗaya. Amin.